Mu San Wane Ne Ke Ba Wane Umarni a Gidan Soja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafe mu mazauna karkara a yammacin Jihar Kano, wato sanin muƙaman sojan ƙasa da yadda umarni yake sauka hawa-hawa a tsakaninsu. A da, mutumin ƙauye a wannan yanki ba ya ganin soja sai in ya shiga mota zuwa birni ya wuce ta gaban barikin Janguza, ko kuwa in wani ɗan gari da yake aikin ya zo hutun salla. Yanzu kuwa, tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, motocin sojoji sun zama abin gani a hanyoyinmu da kasuwanninmu. Mun wayi gari muna maƙwabtaka da mutanen da ba mu san tsarinsu ba. Kowa a cikinsu "ofisa" muke ce masa, daga yaron da ya fito horo bara har wanda ya yi furfura a cikin kaki, kuma wannan rashin sani yana jawo mana asarar kuɗi da ɓacin rai, yana kuma sa mu kai kuka inda ba za a iya share mana hawaye ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ƙofa biyu ake bi a shiga aikin soja, kuma ƙofar da mutum ya bi ita ce take yanke inda zai tsaya a ƙarshe. Ta farko ita ce Daffo ta Zariya, wadda aka kafa tun 1924, inda ake ɗaukar matasa masu takardar sakandare a ba su horo na kimanin wata shida. Muddin yaro yana can, kurtu ne. Idan ya fito ya zama farabiti, hannunsa ba igiya ko ɗaya. Daga nan sai las kofur mai igiya ɗaya, sai kofur mai biyu, sai saje mai uku, sai sitaf saje wanda ake ɗora wa mikiya a saman igiyoyinsa uku. Sama da waɗannan akwai matakai uku na warant ofisa, waɗanda mutanenmu suka fi sani da samanja, kuma nan ne ƙarshen wannan hanya ga mafi yawan waɗanda suka biyo ta. Akwai 'yar ƙaramar kafa da ake ɗaukar wasu ƙwararru daga cikinsu a mayar da su hafsoshi, amma kaɗan ne suke samu, kuma sai bayan shekaru masu yawa. Ƙofa ta biyu ita ce Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, wadda aka buɗe a 1964. Ɗalibin da ya shiga cikakken kwas na sojan ƙasa yakan shafe shekara biyar, ya fito da digiri da kuma anini ɗaya a kafaɗa. Akwai kuma gajeren kwas na waɗanda suka riga suka gama jami'a, irin su likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da limaman soja.

A nan ne abin yake ɗaure wa Bahaushe kai, domin mu a tarbiyyarmu shekaru ne suke gaba. Ranar da yaro ɗan shekara ashirin da biyu ya fito daga NDA da anini ɗaya, a ranar yana sama da samanjan da ya shekara talatin yana aiki, wanda wataƙila ya haifi sa'ansa. Dattijon zai ƙame ya sara masa, ya kira shi da girmamawa, ya karɓi umarninsa. Na ji mutane a majalisa suna cewa wannan wulaƙanci ne, wasu ma suna cewa ai don dattijon ɗan talaka ne shi ya sa. Ba haka ba ne. Hafsa yana ɗauke da takardar naɗi da aka ba shi da sunan shugaban ƙasa, kuma wannan amanar ce ake sara wa, ko wane ne yake ɗauke da ita. Shi ne kuma za a tuhuma idan mutanen da ke ƙarƙashinsa suka halaka ko suka yi ɓarna. Sai dai duk wanda ya zauna da tsofaffin sojoji ya san ɗaya ɓangaren labarin: ƙaramin hafsa mai hankali ba ya yanke hukunci sai ya saurari sajensa, domin sajen ne ya san wane ne rago, wane ne ba shi da lafiya, wane ne matarsa ta haihu hankalinsa yana gida. Samanjan bataliya kuwa, wanda sojoji suke kira RSM, shi ne uban ladabi da fareti a bariki, kwamanda kansa yana neman shawararsa, kuma ƙananan hafsoshi suna taka-tsantsan da shi duk da cewa shi ne yake sara musu. Saboda haka wanda ya raina mai igiya don ba shi da anini bai fahimci inda nauyin aikin yake ba.

Muƙaman hafsoshi ba su da wuyar ganewa ga wanda ya kalli kafaɗa, ko ƙirji idan kakin shiga daji ne. Mai anini ɗaya ƙaramin laftanar ne, mai biyu laftanar, mai uku kyaftin. Daga manjo alamar take sauyawa ta koma mikiya. Mikiya da anini ɗaya laftanar kanar ne, mikiya da anini biyu cikakken kanar, kuma daga kanar ne ake fara sa jan ƙyalle a kwalar riga. Mikiya da anini uku birgediya janar ne. Daga manjo janar zuwa sama ake ƙara takobi da sanda a gicciye, sai laftanar janar, sai cikakken janar. Akwai wani muƙami sama da wannan a rubuce, amma babu ɗan Najeriyar da ya taɓa riƙe shi.

Ina so in ɗan tsaya a kan kalmar janar saboda yadda ake zubar da ita a bakin jama'a, har da wasu 'yan jarida. Janar hawa huɗu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce. Marigayi Muhammadu Buhari manjo janar ne, bai kai cikakken janar ba, ko da yake ya shugabanci ƙasa. Marigayi Murtala Muhammad yana birgediya ya karɓi mulki a watan Yulin 1975, sai a farkon 1976 ya zama cikakken janar, 'yan makonni kafin a kashe shi a ranar 13 ga Fabrairu. Abdurrahman Dambazau, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 2008 zuwa 2010, laftanar janar ne, domin wannan shi ne muƙamin da aka saba ba Babban Hafsan Sojan Ƙasa, cikakken janar kuma sai Babban Hafsan Tsaro. Wani abin da yake ruɗa mutane shi ne manjo yana sama da laftanar, amma laftanar janar yana sama da manjo janar. Haka nan kyaftin na sojan ruwa ba sa'an kyaftin na sojan ƙasa ba ne, daidai yake da kanar. Shi kuma ƙarin girma ba a samunsa don kawai an daɗe. Akwai jarrabawar da laftanar yake yi kafin ya zama kyaftin, da wadda kyaftin yake yi kafin ya zama manjo, akwai kwas a kwalejin Jaji wadda aka kafa a 1976, akwai na Kwalejin Tsaro ta Abuja ga manya, kuma wanda aka tsallake shi sau da yawa ritaya ce makomarsa.

To amma, Malam Edita, babbar maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce wannan: muƙami daban, kujera daban. Alamar da ke kafaɗar soja tana nuna matsayinsa ne, amma ikon ba da umarni yana zuwa ne daga aikin da aka ɗora shi a kai. Mu mutanen masarauta bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. Mai unguwa yana amsa wa dagacinsa, dagaci yana amsa wa hakiminsa, hakimi yana amsa wa sarki, kuma hakimin wata ƙasa, komai girman rawaninsa, idan ya zo garinmu za mu faɗi mu yi gaisuwa, amma ba shi da hurumin raba mana gona ko tuɓe mana mai unguwa. Haka abin yake a soja, sai dai su kujerar ba ta daɗewa, a yau mutum yana Kano, baɗi an mayar da shi Borno, wani ya gaje shi. Ƙungiya mafi ƙanƙanta ita ce ta mutum kimanin goma, kofur ne yake jan ta. Uku irinta suke haɗuwa su zama filatun na mutum talatin da ɗoriya a hannun laftanar, da saje yana dafa masa. Filatun uku ko huɗu su ne kamfani, wanda manjo ko kyaftin yake riƙewa. Kamfanoni su haɗu su zama bataliya ta mutum ɗaruruwa a ƙarƙashin laftanar kanar. Bataliyoyi su ne birged a hannun birgediya janar, birged-birged kuma su ne babbar runduna da manjo janar yake shugabanta.

Idan muka kawo abin gida, bataliyar da ke Janguza tana ƙarƙashin Birged ta 3 mai hedikwata a barikin Bukavu cikin Kano, ita kuma tana amsa wa Runduna ta 1 da ke Kaduna, wadda take amsa wa hedikwatar sojan ƙasa a Abuja. Haka Runduna ta 3 take a Jos, ta 8 a Sakkwato, ta 7 kuma a Maiduguri, wadda aka kafa a 2013 saboda yaƙin Boko Haram. Ma'anar wannan ita ce, kanar ɗin da yake aiki a wani ofishi a Abuja, idan ya zo ƙauyensu biki, sojojin da ke kan shinge za su sara masa, amma ba shi da ikon ya ce su bar wurin su bi shi, domin ba shi ne kwamandansu ba. Akwai manyan hafsoshi da yawa da ba su taɓa jagorantar bataliya ba saboda fanninsu daban ne. Marigayiya Aderonke Kale, mace ta farko da ta kai manjo janar a sojan ƙasa a 1994, likita ce, sashen lafiya ta shugabanta. Wanda ya yi ritaya kuwa sunan ne ya rage masa da girmamawa, amma ko farabiti ɗaya ba zai iya ba umarni ba.

Can ƙoli kuma ba soja ne yake zaune ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 130 da na 218, ya ce shugaban ƙasa shi ne Babban Kwamandan Askarawa, shi yake yanke inda za a tura dakaru, shi yake naɗa Babban Hafsan Tsaro da shugabannin sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Sashe na 217 kuma ya fayyace aikinsu: kare ƙasa daga harin waje, tsare iyakokinta, murƙushe tawaye, da taimaka wa hukumomin farar hula wajen dawo da doka da oda idan shugaban ƙasa ya kira su. Ministan Tsaro ma ba lalle ne ya taɓa sa kaki ba. Mu a nan mun gani da idonmu, domin Rabi'u Musa Kwankwaso ya riƙe kujerar daga 2003, Muhammad Badaru Abubakar na Jigawa kuma ya hau ta a 2023, dukansu farar hula, janar-janar suna sara musu. Abin da babu shi a cikin wannan jeri shi ne gwamna. Ana kiran gwamna shugaban tsaro na jiharsa, kwamandan birged yana halartar taron majalisar tsaronsa, yana kuma karɓar motoci da man fetur daga hannunsa, amma gwamna roƙo yake yi, ba umarni ba. Balle shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa. Yana da kyau mu san haka lokacin da 'yan siyasa suke hawa mumbari suna yi mana alkawarin kawo bariki.

Wannan ya kawo ni ga ƙorafin da aka fi yi a karkara, cewa an je an gaya wa sojojin da ke kan hanya ana kai hari a wani ƙauye amma sun ce sai an ba su oda. Mutumin da aka kore wa shanu ko aka tafi da iyalinsa ba za a ce masa ya yi haƙuri da wannan amsa ba, ni ma ban ce ya yi ba. Sai dai a sani cewa kofur ɗin da aka ajiye a shinge, idan ya bar wurin da ra'ayin kansa, laifi ya aikata a dokar soja, gadirum da kwance igiya suna jiran sa, in ma abin bai kai kotun soja ba. Kuma 'yan bindiga sun sha yin dabarar tayar da ƙura a wani wuri don a janye sojoji daga inda suke so su bi, ko su yi musu kwanton ɓauna a hanya. Abin da yake hannun kofur shi ne ya sanar da na sama da shi nan take, kuma a kan wannan ne ya kamata mu matsa masa. A ganina laifin jinkiri yana kan waɗanda suke da ikon ba da izini tun kafin abu ya faru, su ce wa ƙaramin hafsan da ke daji idan kaza ta auku ka tashi ba sai ka jira Kano ba. A namu ɓangaren kuma, bai dace a ce dagaci bai san sunan hafsan da yake riƙe da sansanin da ke kusa da garinsa ba, ba shi da lambar wayarsa, sai ranar da wuta ta kama a tura yaro a kan babur ya je ya yi wa mai gadin ƙofa bayani. Duk lokacin da aka sauya kwamanda, ya kamata hakimi da dagatansa su je su gabatar da kansu tun ana zaman lafiya.

Wanda yake ganin wannan tsauri na bin umarni ya yi yawa, sai ya waiwayi 1966. A ranar 15 ga Janairu wasu manjo-manjo suka ɗauki makami, ban da Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran shugabannin siyasa, suka kashe na gaba da su a cikin soja, ciki har da Birgediya Zakariya Maimalari da Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Kur Muhammad. Maimalari ma, kamar yadda tarihi ya ruwaito, manjon da yake aiki a ofishin birged ɗinsa ne ya harbe shi. Bayan wata shida aka yi ramuwa, aka kashe shugaban mulkin soja, Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, a Ibadan. A bisa tsari Birgediya Babafemi Ogundipe ne babba a lokacin, amma an ruwaito cewa ya ba wani saje umarni sajen ya ƙi bi, daga nan ya gane ba shi da sojan da zai mulka, ya bar ƙasar. Aka ɗora Yakubu Gowon a kan mulki yana laftanar kanar. Odumegwu Ojukwu, wanda shi ma laftanar kanar ne yana mulkin Gabas, ya ƙi amincewa da wannan tsallake, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka rura wutar da ta kai mu yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Har yau sojoji suna tsoron irin wannan ruɗani, shi ya sa idan aka naɗa sabon Babban Hafsa, waɗanda suka riga shi shiga aiki galibi ritaya suke yi, don kada babba ya zauna yana karɓar umarni daga ƙaninsa.

A zamaninmu ma an gani. A watan Mayun 2014 wasu sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri, cikin fushin ganin gawarwakin 'yan uwansu, suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta. Kotun soja ta yanke wa goma sha biyu hukuncin kisa a watan Satumba na wannan shekarar, a Disamba kuma aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita yaƙi, kafin daga baya a sassauta musu zuwa ɗaurin shekara goma. Sojojin sun kafa hujja da ƙarancin makamai, kuma binciken da aka yi daga baya a kan kuɗin sayen makamai ya sa mutane da yawa suka tausaya musu. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne, biyayyar da ake nema daga na ƙasa tana da bashi a kan na sama: ya ba shi makami, ya ba shi abinci da alawus, ya kuma saurari kukansa ta hanyar da doka ta tanada.

Kuma biyayyar tana da iyaka. Dokar Rundunonin Soja tana hukunta wanda ya ƙi bin umarnin da ya halatta ne, ba kowane umarni ba, kuma sojan da ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba ba zai tsira da cewa sa shi aka yi ba. Kamar yadda umarni yake sauka, haka alhaki yake hawa. Lokacin da jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a ranar 3 ga Disamban 2023, aka rasa mutum sama da tamanin, Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, da kansa ya je ƙauyen ya yi ta'aziyya ya nemi afuwa, daga baya kuma hedikwatar tsaro ta ce za a gurfanar da mutum biyu a kotun soja. Kafin wannan, kotuna sun umarci gwamnatin tarayya ta biya diyya ga mutanen Odi ta Jihar Bayelsa da na Zaki Biyam ta Jihar Binuwai saboda ɓarnar da sojoji suka yi musu a 1999 da 2001. Ban kawo waɗannan don in ce an yi wa kowa adalci ba, na kawo su ne don mutumin ƙauye ya san kowane soja akwai wanda yake amsa wa, kuma akwai inda ake bi a kai ga wannan mutumin.

Sai dai mu ma muna da namu laifin, kuma ba zan rufe shi ba. Ana rigimar iyakar gona ko ta gado, ko wani ya ci bashin kuɗin taki ya ƙi biya, maimakon a je gaban dagaci ko alƙali, sai a jira ɗan wa ko ɗan ƙani da yake soja ya zo hutu, a sa shi ya saka kaki ya je ya razana abokin rigima. Wannan yaro ba wanda ya aike shi, babu kwamandan da ya san yana can, abin da yake yi laifi ne da zai iya raba shi da aikinsa, kuma mu iyayensa ne muka jefa shi. Ko 'yan sanda, dokarsu ta 2020 ta hana su kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, balle soja. Farar hula ba ya ƙarƙashin dokar soja, idan soja ya kama shi da zargin laifi, hannun 'yan sanda ya kamata ya miƙa shi. Haka kuma muna ɗora wa 'ya'yanmu nauyin da ya fi ƙarfin igiyarsu. Yaro yana las kofur, dangi sun jera masa takardun 'ya'yansu ya sa su a aiki, idan ya ce ba shi da hali a ce ya samu duniya ya manta da gida, alhali ko sauyin wurin aikinsa shi kansa ba ya hannunsa.

A wannan gurbi ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Wani zai bugo waya ya ce shi kanar ne ko yaron wani janar, yana da gurbi a Daffo, a turo kuɗi. Iyaye su sayar da rago ko buhunan gero su tura, a aiko musu da takarda mai tambari, yaro ya kama hanyar Zariya a kore shi daga bakin ƙofa. Rundunar ta sha nanatawa cewa neman shiga soja kyauta ne, ta intanet ake cikewa, a jihar mutum ake tantance shi, kuma kowace jiha da nata kason kamar yadda tsarin mulki ya wajabta. Da iyayen sun san tsarin, da tambaya uku ta isa ta tona asirin ɗan damfara: wace bataliya kake, a wane gari take, wane ne kwamandanka?

Waɗannan tambayoyi su ne kuma abin da wanda soja ya zalunta yake buƙata. Kada ya tsaya jayayya da mai bindiga a kan hanya. Ya riƙe sunan da ke rubuce a ƙirjin rigarsa, ya ƙirga igiya ko aninin da ke jikinsa, ya lura da lambar motarsu da wuri da lokaci, sannan ya bi ta hannun dagaci ko hakimi a kai wa hafsan da ke riƙe da sansanin. Idan ba a saurare shi ba, a rubuta takarda zuwa ga kwamandan bataliya, in ya ƙi a wuce hedikwatar birged. Akwai 'yan sandan soja masu jar hula waɗanda aikinsu ke nan, akwai teburin kare haƙƙin ɗan Adam da rundunar ta buɗe a 2016, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da kotunan farar hula, waɗanda kaki ba ya hana su sauraren ƙara. Takarda ta fi baki a wurin soja, domin abin da aka rubuta aka buga wa hatimin karɓa dole wani ya amsa tambaya a kansa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne wakilanku su daina rubuta "wani babban soja" ko su kira kowa janar. A faɗi cikakken muƙamin mutum da kujerar da yake kai da rundunar da yake ciki, domin in an ce kyaftin ne ya yi magana mai karatu ya san nauyinta daban da ta kwamandan birged. Ina kuma roƙon ku ware shafi guda ku buga hotunan alamomin nan daga igiya ɗaya har zuwa takobi da sanda, da sunayensu da Hausa, tare da lambobin wayar ofisoshin hulɗa da jama'a na sojojin da ke Kano da Dutse bayan kun tabbatar da su daga bakin masu su. Irin wannan shafi za mu iya liƙa shi a ƙofar gidan dagaci da makarantun sakandarenmu, inda yaran da suke shirin cike fom ɗin Daffo da NDA za su gani.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin makaranta,
daga Ƙaramar Hukumar Gwarzo, Jihar Kano.